Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Kakar da Babu Girbi

A makon jiya na tsaya ne a ranar da na sauka birnin Aberdeen na ƙasar Sikotland, kwanaki kaɗan bayan Ƙaramar Sallar 2009, ina jan akwati guda wanda rabinsa littattafai ne, rabinsa kuwa kuka da busasshiyar kuɓewa da yajin da Inna ta daka mini. Niyyata a wannan makon ita ce in shiga labarin karatun kai tsaye, amma duk sanda na zauna rubutu sai maganar Yaya ta tare mini hanya, saboda haka gara in sauke ta tukuna.

Tun muna ƙaramar sakandare aka koya mana cewa shekarar Turawa kashi huɗu ce, kuma malaminmu ya fassara mana kashi na uku da kaka. Ta fuskar watanni bai yi kuskure ba, domin lokacin yana kamawa ne daga Satumba zuwa Nuwamba, amma fassarar ta sa na tafi da tsammanin abin da babu shi. Mu da muka tashi a karkarar Malumfashi mun san kaka da cewa gero ya riga ya shiga rumbu, dawa ta nuna tana jiran girbi, auduga ta fashe fari fat a gonaki, mai bashi yana biya, mai neman aure yana kai kaya, 'yan dambe suna bin garuruwa da makaɗansu. Ko wanda bai noma kunya ɗaya ba yana samun rabonsa wajen kala. Ban taɓa jin an ce kaka ta sa wani ƙunci ba.

Kakar Sikotland ta tarbe ni da fara'a. A makonni ukun farko itatuwan lambun Seaton sun rikiɗe ja da ruwan ɗorawa, na yi ta ɗaukar hotuna ina ɗorawa a Facebook domin abokan da na baro su gani. Daga nan ganyen ya zube ya bar rassa tsirara, kuma sai a lokacin na lura cewa da dutse mai launin toka aka gina garin, tekun da ke gefensa launin toka ne, saman da ke rufe da shi ma haka. Ranar Lahadi 25 ga Oktoba aka mayar da agogo baya da sa'a ɗaya, kamar yadda Birtaniya take yi a Lahadin ƙarshe ta kowane Oktoba, sai magaribar da muka yi shida saura ashirin ranar Asabar ta dawo biyar saura ashirin. Kafin Nuwamba ya ƙare rana tana faɗuwa wajen uku da rabi, ba ta kuma fitowa sai bayan takwas na safe, idan ma gajimare ya bar ta ke nan. Aberdeen tana kan digiri 57 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, Malumfashi kuwa ba ta cika 12 ba, shi ya sa a gida magariba ba ta wuce tsakanin shida da bakwai duk shekara. A can Azahar da La'asar da Magariba suka taru suka matse a cikin abin da bai kai sa'o'i huɗu ba.

Abin ya shige ni a hankali. Ni da tun ina yaro ba a tashina sallar Asuba, sai ga ni ina kwanciya ƙarfe goma na dare in tashi goma na safe, in kuma tashi da gajiya kamar wanda ya wuni yana huɗa. Burodi da shayi mai sukari cokali huɗu suka zama abincina safe da dare. Shafi ɗaya nake karantawa sau uku ban riƙe komai ba. Labulen ɗakina mai kauri ne, kuma na yi kwana tara ban ɗaga shi ba, domin na yanke wa kaina hukuncin cewa babu abin gani a waje. Wayar gida tana shigowa in zuba mata ido har ta katse.

Ranar da na daure na kira Yaya, yana gona ana yankan dawa, ina jiyo hayaniyar 'yan ƙwadago a bayansa. Na ce masa, “Yaya, ban san abin da ke damuna ba, ba ni da ciwo amma ba ni da lafiya.” Ya yi dariya har da tari, sannan ya ce, “Auta, ƙoshi ne. Wutar lantarki ba ta ɗaukewa, ruwa yana zuwa har ɗaki, ana biyan ka kuɗi don ka yi karatu, ka ce ba ka da lafiya? Zo ka karɓi wuƙar nan ka yanka mini dami goma, ka ga ko ba za ka warke ba.” Shekara goma sha biyar da wani abu ke nan, amma har yau idan na ji an ce da wani ƙoshi ne ke damunsa sai in ji ƙirjina ya ɗaure. Ban ce Yaya ba ya ƙaunata ba, shi ya sayar da bijiminsa ya cika mini kuɗin jirgi. Sai dai kalmar nan ta rufe mini baki, har na ƙara makonni biyu ina jin kunyar in gaya wa kowa.

Kakata Iya ce ta gyara abin, ba tare da ta san ta gyara ba. Da aka kai mata waya ranar Juma'a, ta ce, “Maigida, ka tafi ka bar ni da kishiyoyi. Kana dai shan hantsi ko?” Na ce mata, “Iya, garin nan babu hantsi.” Ta ce, “Ƙarya kake yi. Hantsi leƙa gidan kowa ne, amma bai taɓa ɗaga wa kowa labule ba.” Na yi dariya na ɗauke ta a matsayin zancen tsofaffi. Duk wanda ya san gidanmu ya san wurin zaman Iya, jikin katangar gabas kusa da turken awaki, inda take shimfiɗa tabarma daga an gama girbi har sanyi ya wuce, tana ɓarar gyaɗa, matan unguwa suna tsayawa ana gaisawa. Ba ta taɓa shiga aji ba, kuma da na san a watan Fabrairun da ya biyo baya za a kira ni a ce ta rasu, da ban yi waccan dariyar ba.

Tsohuwar da nake haya a gidanta ce ta matsa mini in je wurin likita, bayan ta ƙwanƙwasa ƙofa ta same ni a duhu da tsakar rana. Likitan ya tambaye ni barcina da cin abincina, ya kuma tambaye ni kai tsaye ko tunanin cutar da kaina yana zo mini, na ce a'a. Ya bayyana mini cewa abin da nake ji sananne ne a ƙasashen arewacin duniya, damuwa ce mai zuwa da gajartar yini ta tafi da tsawonsa, kuma wani likita mai suna Norman Rosenthal ne da abokan aikinsa suka raɗa mata suna a Amurka a 1984. Abin da ya fi sanyaya mini rai shi ne jin cewa Rosenthal ɗin ɗan Afirka ta Kudu ne, wanda shi ma sai da ya bar ƙasar rana ya ɗanɗani abin a jikinsa. Ashe dai ba ƙoshi ba ne.

Bayanin nasa mai sauƙi ne. Idan duhu ya yi, ƙwaƙwalwa tana sakin wani sinadari mai suna melatonin wanda ke shirya jiki domin barci, kuma hasken safiya da ke shiga ido ne yake tsayar da shi ya daidaita agogon jiki. Ƙwan lantarkin ɗaki ba ya wadatarwa, domin a ma'aunin haske da ake kira luks, ɗaki yakan ba da ɗari biyu ko uku ne, alhali waje, ko da gajimare ya rufe sama ruf, yakan kai dubu ko ya wuce. Akwai fitila ta musamman mai luks 10,000 da ake zama gabanta kamar rabin sa'a da safe, amma kuɗinta ya fi ƙarfin aljihuna a lokacin. Sai ya ce in ɗaga labule da zarar gari ya waye, in fita in yi tafiyar ƙafa kafin tsakar rana ko ana yayyafi, in tsayar da lokacin kwanciya da na tashi, in kuma dawo wurinsa idan bayan 'yan makonni ban ga sauƙi ba, domin akwai waɗanda sai an haɗa musu da magani ko zaman tattaunawa. Ina fita daga ofishinsa ina jin muryar Iya, hantsi bai taɓa ɗaga wa kowa labule ba.

Gwajin jini ya nuna bitamin D ya yi mini ƙaranci sosai. Daga Oktoba zuwa Maris ranar Birtaniya ba ta da ƙarfin da fata za ta haɗa shi, mu masu baƙar fata kuwa ko da bazararsu mun fi Bature buƙatar daɗewa a rana. Ya rubuta mini ƙwayoyi, ya ce in yawaita cin kifi mai maiƙo da ƙwai. Sai a 2016 hukumomin lafiyar Birtaniya suka shawarci kowa da kowa ya riƙa shan maikirogiram 10 a kullum a watannin kaka da sanyi, masu duhun fata kuma duk shekara, na karanta labarin ina Kaduna na yi murmushi. Kifin da ya ambata kuwa ashe titus ne, wanda muke saye a daskare a kasuwa, ga shi ana sauke shi ɗanye a tashar Peterhead da ke arewa da Aberdeen. Na riƙa dafa shi cikin miyar kukar Inna, ina tuƙa tuwon semo, na rage burodi, na mayar da karin kumallona kunun hatsin nan nasu da na koyi damawa da tsamiya.

Tafiyar ce ta fi wuya, kuma ita ta fi amfani. Ƙarfe tara nake fita, in ratsa lambun Seaton, in bi gaɓar kogin Don har inda yake zuba a teku, in dawo, kusan sa'a guda ke nan. Kwana huɗun farko tsinuwa kawai nake yi wa iska a zuciyata. A mako na biyu na lura ina jin yunwa ta gaskiya idan na dawo, a na uku kuma na farka kafin ƙararrawar Asuba. Ranakun Asabar nakan hau bas zuwa lambun Duthie da ke bakin kogin Dee, inda suke da ɗakunan gilashi masu ɗumi da ake shiga kyauta, in zauna a sashen tsirran hamada, cikin masu ƙaya irin ƙyarana, ina karatu kamar ina bayan gidanmu.

Saura kuma mutane. Iya ba ita kaɗai take shan hantsi ba, rabin abin hira ce, ni kuwa na killace kaina. Wani dattijo ɗan Sudan da muke haɗuwa a masallacin Spital ya ji ina waya, ya juyo ya gaishe ni da Hausa, ashe mutumin Maiwurno ne, jikan waɗanda suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Shi ya ja ni cikin wani zama da ake yi duk daren Asabar, kowa ya kawo abin da ya dafa a ci a faranti ɗaya. Da miyar kuka aka san ni a wurin har na bar garin.

Shekaru da yawa bayan haka, da babban ɗan Yaya ya tafi karatu Rasha, a Nuwamban farko ya kira ubansa yana kuka ba tare da ya iya faɗin dalili ba. Yaya ya taso tun daga Malumfashi har gidana, ya zauna yana murza hula, ya ce, “Auta, ka yi masa magana, kai ka san irin wannan.” Kalmar tana kan harshena, Allah ya sani, na haɗiye ta saboda girmansa. Na kira yaron na ce ya ɗaga labule, ya fita kafin azahar, ya nemi likita ya auna jininsa, ya nemi inda 'yan'uwa suke cin abinci tare. Yaya yana zaune yana saurare har na gama, bai ce ya tuna ba, ni ma ban tuna masa ba.

Babbar Sallar shekarar ta faɗo ranar Juma'a 27 ga Nuwamba. Bayan an sauko daga Idi na wuce bakin Don da babbar rigata a ƙarƙashin rigar sanyi, sai gajimare ya ɗan yaye, rana ta leƙo na 'yan mintoci. Na kira gida domin in gaya wa Iya cewa na sha hantsi, Yaya ya ɗauka hannunsa duk jinin rago, ya ce, “Ɗan ƙoshi, an yi Sallah lafiya?” Ya ce Iya tana cikin mata ana suya, in sake kira da dare. Da dare kuma layi ya ƙi shiga.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan shiga labarin dusar ƙanƙarar da ta rufe garin a Disamban 2009, da yadda na rubuta jarrabawata ta farko.