Sasanta yara bayan faɗa: inda ake yawan kuskure

Idan yara biyu suka kaure da faɗa, a gida ne ko a aji, kada ka fara da "wa ya tsokani wani?" Tambayar nan kotu take buɗewa, kowa sai ya shiga kare kansa.

Raba su tukuna. Su sha ruwa, su huce kamar minti 10, don mai huci ba ya jin magana. Sannan ka ja su gefe. A gaban 'yan aji yaro taurin kai yake yi, kada a ce ya ji tsoro.

Ba kowa minti 2, babu katsewa. Kafin na biyun ya faɗi nasa, sai ya maimaita abin da ya ji: "Ka ce na ɗauki bironka ban tambaye ka ba." Da farko za su yi dariya ko su zumɓura baki. Ka daure, nan ne yaro ke koyon sauraro.

Ka guji "kai ne babba, yi haƙuri". Babban zai haɗiye ya rama a hanyar gida, ƙaramin kuma ya gane kuka na biya masa buƙata. Su kawo mafita ɗaya da bakinsu, ka sake tambayarsu bayan kwana 3.