Tururuwar da ke tashi sama: yadda na koyi Tagalog a Jidda

Shekara uku na yi ina aikin gwajin jini a wani asibiti a Jidda, kuma yawancin ma'aikatan jinya a sashenmu 'yan Filifin ne. Idan aiki ya lafa da dare sai su ɓarke da hira da yarensu, Tagalog, ni kuwa ina gefe kamar kurma. Abin ya ishe ni, na sayi ɗan littafin rubutu na ce sai na koya.

Sunayensu ne suka fara yaudarata. Na ga duk irin na mutanen Sifen ne, na ɗauka Sifaniyanci suke yi a gida. Wani dattijo da kowa ke kira Kuya, wato yaya, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce a 1849 ne gwamnan da Sifen ta naɗa musu, Narciso Clavería, ya sa aka raba wa iyalai sunaye daga wani kundi, don sauƙin ƙidaya da karɓar haraji. Sifen ta mulke su shekara 333, daga 1565 zuwa 1898, amma talakawa ba su iya yarenta ba, domin limaman coci su ne suka koyi harsunan mutane suna wa'azi da su.

Yaren bai zauna ba, amma ya bar kayansa. Gaisuwar da na fara koya, kumusta, daga Sifaniyanci take. Haka kutsara, cokali, da silya, kujera, da sapatos, takalmi. Inda na sha wuya shi ne ƙirga. Mako guda na yi ina haddace isa, dalawa, tatlo, wato ɗaya, biyu, uku, ranar da na tambayi lokaci sai aka ce mini alas-singko, wato ƙarfe biyar. Ashe agogo da Sifaniyanci ake faɗarsa, kuɗi kuma sau da yawa da Turanci, na gargajiyar sai wajen ƙirga kaya ko mutane. Na fara mita, sai na tuna mu ma ɗaya, biyu, uku namu ne, amma ashirin da talatin daga Larabawa muka aro. Na ja bakina na yi shiru.

Turancin kuwa na Amurka ne. Ta karɓi ƙasar daga Sifen a 1898 kan dala miliyan 20, a 1901 jirgin ruwa mai suna Thomas ya sauke malamai sama da 500 a Manila, babban birnin ƙasar. Kafin 'yancin kai a 1946 makaranta ta yi wa Turanci abin da coci bai yi wa Sifaniyanci ba a ƙarni uku. Shi ya sa jimla guda takan fara da Tagalog ta ƙare da Turanci, ba wanda ya damu.

Babbar kunyar da na sha ta zo ne bayan wata shida, lokacin da nake ganin na iya. Aka kawo sabuwar ma'aikaciya, na tare ta da magandang umaga, barka da safiya, na zuba mata Tagalog. Ta amsa da Turanci, a daƙile. Daga baya Kuya ya ja ni gefe ya ce, “Ƙanena, 'yar Cebu ce.” Harsunan ƙasar sun haura 150, kuma masu Cebuano, yaren mutanen tsibirin Cebu, miliyoyi ne. Tun da gwamnatin Manuel Quezon ta zaɓi Tagalog, yaren yankin Manila, a 1937 ya zama tushen harshen ƙasa, wanda tsarin mulkin 1987 ke kira Filipino, wasu masu Cebuano ba su huce ba. Sabuwar ma'aikaciyar ta iya Tagalog sarai, ba ta dai so a ɗauka shi ne nata.

Ita ce ma daga baya ta koya mini abin da ya fi ba ni dariya. Langgam a Tagalog tururuwa ce, a Cebuano kuwa tsuntsu. Ta ce tasu tana tashi sama, ta mutanen Manila har yanzu rarrafe take yi. Na buɗe sabon shafi a littafina na rubuta maayong buntag, barka da safiya a Cebuano. Washegari da na gaishe ta da shi, ta ajiye fayil ɗin da ke hannunta ta tambaye ni wa ya tsegunta mini.