Karfasar Kawu ta ƙi abinci

Talata, Argungu.

Da hantsi Kawu ya aiko a kira ni, wai karfasarsa ta ƙi abinci. Tafkin kifinsa yana bakin fadama, daga magudanar da ta ratso gonakin shinkafa yake jan ruwa. "Ai ko ɗaya ba ta mutu ba, ɗana," in ji shi, "ƙila sanyi ne."

Na watsa musu abinci. Kullum kafin ya sauka sun yi caa a kansa, yau 'yan tsiraru ne suka taso. Sun daina tafiya a garke. Wata na iyo a karkace, ta zabura kamar an tsikare ta, sai ta tsaya cak, marfin numfashinta na gefen kai yana ta bugawa da sauri. Na doki bakin tafkin da sanda, wasu ko gezau. Da a ce da asuba ne, sai in ce iska ce ta yi ƙaranci a ruwan, amma rana ta riga ta ɗaga. Tarwada kam ban kafa hujja da ita ba, ita dama tasowa shaƙar iska ɗabi'arta ce.

Da na bincika, ashe shekaranjiya an yi feshin maganin kwari a sama da mu, aka wanke tankin feshin a magudanar. Magungunan kwari irin su dichlorvos suna hana jijiya katse saƙon da take aika wa tsoka, sai jiki ya yi ta makyarkyata. Gwajin da aka saba yi a ɗakin bincike shi ne a nemi yawan gubar da ke kashe rabin kifin cikin sa'o'i 96. To, wadda ba ta mutu ba, amma ba ta ci, ba ta gudun tsuntsu, lafiyarta lau ke nan? Ramewa za ta yi, hayayyafa ta ja baya.

Abin ya tuna min da Zamfara a 2010. Agwagi ne suka fara ɓacewa a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinare, kafin gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Har yau abin yana sosa min rai.

Mun toshe bakin magudanar, muka sauya rabin ruwan da na rijiyar burtsatse. Na roƙi Kawu kada ya kai ko ɗaya kasuwa tukuna. Ya yi shiru, don sisin gidan duk a nan yake fitowa, daga baya ya ce to. Na ɗebi ruwan a kwalba mai duhu na sa a ƙanƙara, gobe in Allah ya kai mu zan kai Birnin Kebbi a auna.