Kafin ka huda bango don saka ƙararrawar tsaro

Ƙannena masu shigowa wannan sana'a, yawancinmu daga kasuwa muka fara: a sayo akwatin sarrafawa, da jiniya, da na'urorin gano motsi, sannan a zo gida ana neman inda za a liƙa su. Irin wannan aikin ne bayan wata biyu mai gida yake zare masa waya saboda ya hana shi barci. Ka fara da biro da takarda. Zaga gidan tare da mai shi, ka zana kowace ƙofa da taga, ka duba inda katanga ta yi gajarta, da ƙofar baya ta kicin, da silin, domin ɓarawo kan ɗaga kwano ya sauko ta sama. Ka tambaya wa yake fita sallar asuba, wa yake dawowa da dare, akwai mage ko awaki a tsakar gida. Amsoshin nan su za su gaya maka yadda za ka raba gidan shiyya-shiyya, yadda da dare za a kunna ƙofofin waje da falo, a bar ɗakunan barci da hanyar banɗaki a kashe.

Na'urar gano motsi zafin jiki take gani yana giftawa, kuma a nan ne aka fi yin ɓarna. Ka ɗora ta a kusurwa, tsayin mita 2.1 zuwa 2.4 daga ƙasa. Yawancinsu suna ɗaukar kimanin mita 12. Ta fi kama wanda ya ratsa ta gabanta a kan wanda ya nufo ta kai tsaye, don haka kada ka sa ta tana kallon ƙofa ido da ido, ka sa ta gefe. Kada ta fuskanci tagar da rana take shigowa, ko na'urar sanyaya ɗaki, ko murhu, ko labulen da fanka take kaɗawa. Ramin da waya ta shiga ta bayanta ka toshe shi da silikon, in ba haka ba ƙwari da gizo-gizo za su shige ciki su riƙa tayar da jiniya ƙarfe biyun dare. Ta cikin ɗaki kuma ba a kai ta tsakar gida. Rana da ƙurar hunturu ba za su bar ta ta zauna lafiya ba. Waje yana da tasa, mai tsada, kuma ta cancanci kuɗinta.

Maganaɗisun ƙofa, wato na'urar da ke sanar da akwati idan an buɗe ƙofa, yana son tazarar da ba ta wuce santimita ɗaya ba tsakanin ɓangarorinsa biyu. Ƙofar ƙarfe tana rage masa ƙarfi, saboda haka ka sayi babba wanda aka yi don ita, ko ka sa roba a ƙarƙashinsa. In ƙofar tana girgiza idan iska ta taso, a kira mai walda ya gyara ta tukuna.

In gidan ana kan gininsa ne, ka binne bututun wayarka kafin a yi filasta. Waya mai jijiya 6 ta ishi na'urar motsi: biyu na wuta, biyu na saƙo, biyu na kariya idan aka buɗe murfin. Ka nisanta ta da wayar wutar gida da aƙalla santimita 30. 'Yar ƙaramar rezistan nan ta ƙarshen layi, wadda akwati yake gane lafiyar waya da ita, a jikin na'ura ake ɗaura ta, ba a cikin akwati ba. Da yawa suna murɗe ta a akwati don sauƙi, sai ya zama ko an haɗe wayoyin a hanya akwatin ba zai sani ba. Shi kansa akwatin ka ɓoye shi a ciki. Madannai kaɗai ake bari kusa da ƙofa, da jinkirin daƙiƙa 30 don mai gida ya danna lambarsa. Lambar da kamfani ya zo da ita, irin su 1234, a canza ta ranar.

Maganar wuta ita ce ta fi damuna. Waɗanda suka ƙera kayan nan ba su san ana ɗauke wuta kwana biyu ba. Ka yi lissafi: in akwati da madannai da na'urori shida suna jan miliam 350 gaba ɗaya, batir mai bolt 12 da Ah 7 (ma'aunin yawan cajin da yake riƙewa) zai ba ka awa 20 a takarda, a zahiri kuwa ƙasa da haka. Zafi kuma yana cinye shi, domin duk ƙarin digiri 10 sama da 25 yana raba rayuwar irin wannan batir gida biyu. Kada ka ajiye akwati a cikin silin ƙarƙashin kwano. In akwai sola ko inbata a gidan, ɗora shi a kansu, ka sa abin kare shi daga wuta mai ƙarfi, ka rubuta ranar da ka saka batir a jikinsa, a duba shi duk wata shida.

Layin wayar salula da ke cikin akwati, wanda zai kira mai gida, ka gwada ƙarfin sabis a daidai inda akwatin zai zauna kafin ka huda bango. A Najeriya sai an haɗa layin da lambar NIN, kuma in ya daɗe ba a amfani da shi kamfani zai rufe shi. Ka sa mai gida ya riƙa gwada kira sau ɗaya a wata, ya tabbata da kuɗi a ciki.

Jiniyar waje ka kai ta sama inda hannu ba ya kaiwa, mai batir nata na kanta. Sannan ku zauna da mai gida ku tsara wanda zai fito idan ta yi ƙara: mai gadi, maƙwabcin da ya amince, shugaban 'yan sintirin unguwa. Ka saka lambobinsu bi da bi a cikin akwati, ka sanar da su ranar gwaji, ka kunna ta suna tsaye domin su san muryarta. Kafin ka karɓi cikon kuɗinka, ka bi kowace shiyya da ƙafa ana kallon madannai, ka koya wa uwargida da manyan yara kunnawa da kashewa, domin su ne suka fi zama a gidan.