Daga Kano Zuwa Ibadan a Tsohuwar Motar Kawu

Da aka ba ni gurbin karatun digiri na biyu a Jami'ar Ibadan, kawuna ya ara mini tsohuwar Golf ɗinsa, ya ce in loda katifa da littattafai da rabin buhun shinkafa in tuƙa kaina, tunda kuɗin kaya kaɗai da za a caje ni a tasha ba ƙarami ba ne. Hanyar Birnin Gwari zuwa Tegina da Jebba ce ta fi kusa, amma a gida ba a bari ma na ambace ta ba saboda 'yan bindiga, don haka na zagaya ta Abuja da Lakwaja, tafiyar kimanin kilomita 1,000. Daga Kano zuwa Abuja babu abin faɗa sai ramuka da tsadar fetur, wanda tun da aka cire tallafinsa a watan Mayun 2023 ya mayar da kowane direba ɗan lissafi.

A gadar Murtala Muhammad, kafin a shiga Lakwaja, na rage gudu ba da niyya ba, domin mutumin da ya tashi yana kallon madatsar Tiga yana kiranta babban ruwa dole ya yi shiru idan ya ga faɗin kogin Neja. A garin nan ne Neja ke haɗuwa da Binuwai, kuma nan Gwamna Lugga ya ayyana mulkin Turawan Ingila a kan Arewa a 1900. Na tsaya wurin masu ƙyafaffen kifi, wata mata ta yanka mini kuɗin da ya sa na juya zan tafi, sai ta kira ni da Hausa tsantsa ta ce, “Ɗan'uwa, dawo ka taya mana.” Muka daidaita a kan rabi, ta ƙara mini gyara.

Bayan na wuce Okene na faɗa hannun wasu samari masu riguna masu ƙyalli, sun gitta katako mai ƙusoshi a tsakiyar titi. Babbansu bai amsa sallamata ba, ya zura hannu ta taga ya zare makullin motar, ya ce sai na nuna takardar harajin rediyon mota. Na miƙa masa lasisi da inshora da takardun mota cif, ya watsa su a kan kujera ya ce ba su ya tambaya ba. Wata dattijuwa mai sayar da ayaba a gefen hanya ce ta taso ta rufe shi da faɗa cikin harshen da ban ji ko kalma ɗaya ba, tana nuna katifar da ke ɗaure a saman motar, har ya jefo mini makullin. Na sayi ayabarta ba tare da na taya ba. A Kano ma muna da masu tare hanya, amma aƙalla sukan gaishe ka kafin su cuce ka.

Owo da Akure da Ilesha da Ife duk daji ne mai duhu da ruwan sama. Na shiga Ibadan da magariba ta mahaɗar Iwo Road, inda ƙananan tasi ƙirar Micra ke kutsawa ta ko'ina, jajayen rufin kwano masu tsatsa kuma sun lulluɓe tuddai iya ganinka. Na nufi unguwar Sabo kusa da Mokola, wadda aka keɓe wa Hausawa tun 1916, lokacin da fataucin goro da shanu ke haɗa Arewa da ƙasar Yarabawa. Wani dattijo da kawu ya ba ni lambarsa ya tarbe ni a ƙofar masallaci. Bai taɓa ganina ba, amma ya buɗe mini ɗakin baƙi, aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka, da na ɗauko zancen biya kuwa sai ya ɓata rai. “Yaro, gidan nan masaukin fatake ne tun zamanin kakana,” in ji shi. “Ka zauna har ka sami wuri.” Na ce, “Allah ya saka da alheri, Baba.”

Samun wurin ne ya zama aiki. Jami'ar, wadda aka kafa a 1948, tana da ɗakunan kwanan ɗalibai masu sunayen da na sani tun daga firamare, kamar Sultan Bello da Tafawa Balewa, sai dai masu nema sun fi gadajen yawa, don haka na tsallaka titi zuwa Agbowo, unguwar da ke fuskantar babbar ƙofar makarantar. A nan na san dillalan gidaje. Kafin dillali ya ɗaga ƙafa sai ka biya kuɗin dubawa, ko ɗakin ya yi maka ko bai yi ba, sannan bayan kuɗin hayar shekara akwai la'adarsa, da kuɗin rubuta yarjejeniya, da kuɗin ajiya saboda ɓarnar da ba ka riga ka yi ba. Wani ya kai ni ɗakin da bangonsa ya yi baƙi da funfuna, ya ce fenti ne. A ganina wannan ba dillanci ba ne, domin dillalin da na sani a kasuwar Kurmi ba ya cin la'ada sai ciniki ya faɗa. Daga ƙarshe ɗan Baba ne ya raka ni, ya yi Yarabanci da mai gida kai tsaye, kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin ya zube nan take.

Gidan doguwar baranda ce, ɗakuna a jere suna kallon juna, banɗaki biyu a ƙarshe, rijiya a tsakar gida. Babu zaure, babu sashen maza da na mata, maƙwabciyata ɗalibar harhaɗa magunguna ce da ke soya manja tun asuba. Mai gidan, wadda kowa ke kira Mama, takan kulle ƙofar waje da ƙarfe goma na dare, kuma ita ke tattara kuɗin katin wuta ɗaki ɗaki da littafinta a hannu. Da farko ta ɗauke ni marar tarbiyya saboda ina gaishe ta a tsaye, alhali samarin gidan har ƙasa suke zubewa. Da na fara rusunawa kamar yadda nake yi wa iyayena, sai ga kwanon amala da miyar ewedu a bakin ƙofata. Mu Hausawa muna alfahari da gaisuwa, amma waɗannan mutane suna da gaisuwar zama da ta aiki da ta dawowa daga kasuwa, kuma suna riƙe da lissafin wanda ya tsallake.

A kasuwar Bodija doya da manja da ayaba sun yi araha, albasa da tumatir kuwa sai ka riƙe baki, ga shi 'yan'uwanmu ne ke sayarwa kuma Hausarka ba ta rage maka ko sisi. Nama ma ya fi na gida tsada.

Da aka yi hutun zango na biyo hanyar da na zo. Na kwana a Lakwaja, katakon ƙusoshin nan yana wurinsa amma masu shi suna barci, na iso Kano bayan la'asar da jarkar manja da huhun goron da Baba ya ce in kai wa kawu.