Laraba: bit ɗaya tak

Tun bayan asuba ban bar gaban kwamfuta ba. Makon jiya wani abokina da ke Ingila ya samu kaset ɗin gwaji na wani gem na Sega Mega Drive, tsohuwar na'urar wasan bidiyo, irin wanda kamfanoni kan aika wa 'yan mujalla a farkon shekarun 1990 kafin gem ya shiga kasuwa. Ya kwafo abin da ke ciki ya turo min, ya ce ana kaiwa mataki na biyu sai komai ya daskare.

A hoton da ya haɗo, ƙwayoyin ajiyar bayanai ne da ake kira EPROM jere a kan allon da ke cikin kaset ɗin, kowacce da 'yar tagar gilashi da aka liƙe da takarda, rubutun biro ya kusa dushewa. Raunin irin waɗannan kaset ɗin ke nan. Bayanan da ke cikinsu jerin 0 da 1 ne, kowane ɗaya ana ce masa bit. Kowane 0 ɗan cajin lantarki ne da aka tsare, kuma shekara talatin da wani abu ta isa ya fara zurarewa. In ya zurare, 0 ya koma 1, shiru, ba wata alama.

Na ce masa ya goge haƙoran kaset ɗin da sifirit, ya sake kwafowa sau uku. Duka ukun suka fito iri ɗaya, don haka ba datti ba ne.

Sai na koma kan lambar tantancewa, wadda ake rubutawa a cikin gem don a gane ko bayanansa sun canza. A Mega Drive tana adireshi 18E, wato lambar gurbinta a fayil ɗin, jimillar duk abin da ke fayil ɗin ne daga adireshi 200 zuwa ƙarshe, bayit bibbiyu (bayit ɗaya bit takwas ne). Ba na cika dogara da ita a kaset ɗin gwaji ba, don sau da yawa ba a damu a gyara ta ba. Amma da na lissafa, tawa ta ɗara rubutacciyar da 2 kacal. Nan na gyara zama.

Bayan azahar na buɗe gem ɗin a manhajar da ke kwaikwayon Mega Drive a kwamfuta, ina bin umarnin da ake ba Motorola 68000, ƙwaƙwalwar na'urar, ɗaya bayan ɗaya har wurin da yake tsayawa. A ƙarshen wani ɗan jerin umarni na ga 4E77. Abin da ya kamata a gani shi ne 4E75, wato koma inda ka fito. Shi ma 4E77 umarnin komawa ne, sai dai yana fara ɗaukar bayit biyu kafin ya karanta adireshi, sai ya faɗa inda ba a aike shi ba. In aka rubuta su da 0 da 1, tsakanin 75 da 77 bit ɗaya ne, 0 da ya zama 1, kuma bambancinsu 2. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

Duk da haka ban taɓa komai ba. Na roƙe shi ya ɗan rage ƙarfin wutar na'urar karantawa, domin cajin da ya raunana kan sake bayyana a haka. Dab da magariba saƙo ya shigo: 4E75.

Ya ce tunda an fara, in kwafo zanen wani dodo daga wanda aka sayar a kasuwa, wai na nan ya yi muni kamar ya lalace. Na ƙi. Jimilla ta daidaita, zanen kuma haka mai shi ya bar shi a wancan lokacin. Irin wannan bambancin ne ya sa muke wahala a kan kaset ɗin gwaji. In na shafe shi, me muka adana?

Ainihin kwafin na ajiye shi da lalacewarsa, na rubuta lambarsa ta SHA-1, wadda take kamar zanen yatsan fayil. Gyaran na fitar da shi daban a matsayin faci na IPS, ɗan fayil mai ɗauke da canjin kawai, da bayanin adireshin da dalilina. Bayan isha'i na wuce mataki na biyu. Kiɗan mataki na uku ba a ma gama shi ba, ganga ce kawai take bugawa.