Ɗan Talibambam na Indiya da Rigimar Neman Masa Abokin Zama

Sana'ata haɗa tankin gilashi na kifin ado. Ina da ɗan shago a Agege, a Legas, ni da yarana. Mu yanka gilashi, mu manne da silikon, mu zuba yashi da tsirrai, mu kai gida ko ofis, sannan mu riƙa zagayawa muna sauya ruwa da wanke filta. A wannan zagayen abincinmu yake. Wanda kifinsa suka rayu shi ke sake kiranka, shi ke ba abokinsa lambarka. Don haka akwai cinikin da nake ƙi da gangan, kuma babu kifin da ya kai ɗan talibambam na Indiya jawo mini musu da masu saye.

Wanda ya tashi a bakin kogin Neja ko Binuwai ko Tafkin Chadi ya san namu talibambam, mai kumbura ciki in an taɓa shi, wanda kan kai santimita 40. Na Indiya danginsa ne, amma da ƙyar yake wuce santimita 3. Asalinsa kogunan jihar Kerala da kudancin Karnataka, irin su kogin Pamba, kuma masana biyu, Hora da Nair, su suka fara bayyana shi a 1941. Kifin ruwan daɗi ne zalla. In mai sayarwa ya ce maka a barbaɗa masa gishiri, da wani talibambam ɗin ya haɗa shi.

Farin jininsa a ido yake. Kowane ido juyawa yake daban, ya tsaya cak a tsakiyar ruwa yana ƙare maka kallo, ya biyo yatsanka ta jikin gilashi. Mai saye na gani sai ya ce, "Malam, sa mini biyu a cikin na falo." To a nan ake fara ja.

Na falon nan kusan kullum gupi ne a ciki, ko beta mai baza jela, ko enjel. Sai in ce, "Alhaji, wannan ɗan da ka raina, kafin a jima ba ka da kifi mai cikakkiyar jela." Dariya suke yi. Amma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Haƙoransa huɗu ne a haɗe, biyu sama biyu ƙasa, na cizon dodon koɗi. Ba ya kai farmaki da hayaniya. Lallaɓowa yake a hankali, ya gutsiri gefen fiffike, ya koma gefe kamar ba shi ba. Wurin cizon ya kamu da ciwo, kifin ya shige lungu ya daina cin abinci, wata safiya a tsince shi yana yawo a saman ruwa. Mai gida bai ga faɗa ba, sai ya ɗora laifin a kan ruwa, ko a kaina.

Matsalar tana da wata fuskar da ba a cika lura da ita ba. Shi ba ya rububin abinci. Sai ya zagaya tsutsa, ya duba ta ta nan, ya duba ta can, kafin ya ci. In ka haɗa shi da masu zafin nama irin su daniyo, cizonsa ba zai same su ba, amma su za su lashe abincin kafin ya gama tunani. Ka ga cikinsa ya lotsa. Manyan kifi kuma, irin su oska, loma ɗaya za su yi da shi. Golfish ma ba ya cikin lissafi: ruwa mai sanyi yake so, ga ƙazanta.

Wani kan ce a haɗa shi da na gida, tunda kifin ado na kogunanmu ta filin jirgin Legas ake fitar da su zuwa Turai da Amurka. Kifin malam-buɗe-littafi yana da dogayen zare a ƙarƙashinsa da ke gayyatar cizo, ga babban baki. Kiribensis kuwa, shi ma ɗan kifin kogunanmu ne, in ya kama kogo ya yi ƙwai, ba ya ƙyale kowa a ƙasan tanki.

Kifi iri biyu kawai nake yarda a haɗa shi da su, su ma da sharaɗi. Na farko oto, ɗan mitsitsin dangin tarwaɗa daga Kudancin Amurka, mai manne wa gilashi yana lasar gansakuka. Jikinsa na da sulke, jelarsa gajera, kuma ba ruwansa da abincin talibambam. Sai dai ba a sa shi a sabon tanki da bai yi gansakuka ba, yunwa za ta kashe shi, kuma ana taimaka masa da yankan kokwamba da aka ɗan tafasa. Na biyu kuli, siriri mai zane, ɗan kudu maso gabashin Asiya, wanda ke wuni a ɓoye ya fito da dare ya tsince ragowar abinci. Yashi mai laushi yake buƙata. Dukansu a garke ake ajiye su, kuma ba na sa su a tankin da bai kai lita 60 ba. Sharaɗin shi ne a tanadi wani wurin da za a kwashe su, domin halin talibambam ba ɗaya ba ne. Wani ya share su, wani ya sa su a gaba. Jajayen jatan lande na ado kuwa, da tsadarsu, abincin rana ka saya masa.

Ni dai a ganina abokin zamansa na gaskiya ɗan'uwansa ne. A kogi a garke suke. Biyu ko uku sun fi haɗari, don mai ƙarfi zai tasa ɗaya a gaba har sai ya ga bayansa. In sun kai shida ko fiye, mata sun rinjayi maza, rigimar sai ta rarrabu. Namiji ana gane shi da baƙin layi a tsawon ciki da ɗan tamoji a bayan ido, mace ta fi shi zagayen jiki, amma ƙanana ba sa rarrabuwa sai sun tasa. Sannan a cika tankin da tsirrai da itace har wani ba ya hango wani daga nesa. Na fi son anubiyas, wadda asalinta ma nan Yammacin Afirka ne, don tana jure ƙarancin haske.

Maganar haske ta kawo mu kan Nepa, wadda ke sa lissafin Legas ya bambanta da abin da ake karantawa a intanet. Wannan kifi ba shi da ɓawo a jiki, gurɓatar ruwa na saurin kama shi, maganin da ke da tagulla ma na cutar da shi. Ga shi nama yake ci, kashinsa na da yawa. Ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zaune a filta suna tace dattin nan iska suke shaƙa. In wuta ta daɗe a ɗauke, su ma sai su fara mutuwa. Kowane kifi da ka ƙara, nauyi ka ƙara wa filtar da ba ta da tabbacin wuta. Shi ya sa gidan da ba inbata ko sola, nake dagewa a sayi famfon iska mai batir, a kuma rage yawan kifi. Hita ba dole ba ce, tunda digiri 24 zuwa 28 yake so, sai a ofis mai sanyin AC dare da rana. Zafin Fabrairu da Maris ya fi ba ni tsoro. Ruwan burtsatse na ɓangaren Lekki da Ajah kuwa, ba na zuba shi sai na gwada, saboda ƙarfe da gishiri.

Abinci ma aiki ne. Ba ya kallon busasshen abincin gwangwani. Jar tsutsa ta firiza yake ci, ita kuma in ta narke ta sake daskarewa ta lalace. Mukan kiwata ƙananan dodon koɗi a bokiti a bayan shago mu ba masu saye. Kada wanda ya ɗebo na kwata ko kududdufi. Wasu cikinsu ne ke ɗauke da cutar tsargiya. Yawancin kifin nan daga kogi ake kamo su, sukan iso a rame da tsutsar ciki, don haka sai na killace su na ga ciki ya cika kafin su bar hannuna.

Tambayar ƙarshe da nake wa mai saye ita ce ko yana tafiya gida Sallah. Na'urar da ke zuba abinci da kanta ba ta da amfani ga wannan kifi. Ko dai ya bar wa wani makulli da bokitin dodon koɗi, ko ya kawo mana su shago kafin ya kama hanyar Arewa, mu riƙe masa mu caje shi kuɗin kulawa.